Kayen addu'a na jika ɗaya da rabi: ya ci kuɗinsa, amma da sauran gyara

Matan zumuntar majami'armu da yawa sun ga kayen nan, wato ɗan littafin rubuta sunayen waɗanda ake yi wa addu'a, a hannuna, suna ta tambaya inda na samo shi da ko ya cancanci kuɗinsa. Maimakon in yi ta amsa wa kowa ɗai-ɗai, bari in faɗi abin da na sani a kansa gaba ɗaya, mai daɗin da marar daɗin. A ɗan shagon littattafan Kirista da ke bayan majami'armu a nan Maraɗi na saye shi, jika ɗaya da rabi, wato sefa 1,500, kuma na yi aiki da shi har bangonsa ya yi laushi.

Girmansa bai kai na kayen 'yan lakwal ba, yana shiga jakar hannu tare da Littafi Mai Tsarki ba tare da ya lanƙwashe ba. An raba shi gida 31, kowace ranar wata da gidanta, kowane gida shafi biyu masu kallon juna. A saman shafi an sa inda za a karanta, sura da aya kawai. Ƙasa da shi an tsaga layuka uku: na farko suna, na biyu abin da kike gode wa Allah dominsa game da mai sunan, na uku abin da kike roƙa masa. Can ƙasa akwai ɗan akwati na rubuta amsa da kwanan wata. A ƙarshen kayen an ware shafuka na fastoci da masu bishara, na marasa lafiya, na gwauraye da marayu, sai shafi guda na shugabannin ƙasa. Iyakarsa ke nan. Babu hoto, babu ado, ni kuwa hakan ya yi mini.

Wata za ta ce ai kayen dala arba'in ma zai yi wannan aiki in an ja masa layi da bik. Gaskiya ne, zai yi. Amma wanda ya tsara wannan ya yi tunani a wuri guda: ya sa godiya gaba da roƙo, ya kuma ba ta fili daidai da na roƙon. Mu mun saba in aka ce a kawo abin addu'a, sai a jero ciwo, bashi, jarrabawar yara, miji da ya tafi cin rani bai aiko ba. Duk abubuwa ne na gaske, ban raina ko ɗaya ba. Sai dai a hankali 'yar'uwa takan koma matsalarta a idonmu. In an ambaci sunanta, hawan jininta ne ke fara zuwa a rai kafin ita kanta. Kayen nan ba ya barin ki tsallaka zuwa layi na uku ido rufe, don farin filin da ke tsakiya yana nan yana jiranki.

Ayoyin saman shafukan ma da wannan niyya aka zaɓo su. Yawancinsu daga farkon wasiƙun Manzo Bulus ne: Romawa 1:8, 1 Korantiyawa 1:4, Filibiyawa 1:3, Kolosiyawa 1:3, 1 Tasalonikawa 1:2, Filimon aya 4. In kika bi su rana bayan rana za ki ga ashe halin mutumin ne: kafin ya yi gyara ko gargaɗi, sai ya fara gode wa Allah saboda mutanen, ya gaya musu yana ambatonsu cikin addu'arsa. Na Filibi yana ɗaure ya rubuta musu. Na Kolosi bai taɓa haɗa ido da yawancinsu ba. Na Koranti kuwa su ne masu tsattsaguwa, masu kai juna ƙara gaban mahukunta, amma hakan bai hana ya gode dominsu ba. Galatiyawa ne ya shiga musu da faɗa kai tsaye ba godiya, don bisharar ce kanta ake neman juyawa a wurinsu. Ranar 16 ga wata an sa Romawa sura 16, jerin gaisuwar nan da mutane da yawa ke wucewa da sauri. A nan ne Bulus ya kira mutane sama da ashirin da sunayensu, da yawansu ya faɗi abin da suka yi: Fibi mai hidima a ikilisiyar Kankiriya, Akila da matarsa da suka sa wuyansu dominsa, har da uwar Rufas da ya ce shi ma uwa ce a gare shi. Garin da bai taɓa takawa ba ne, amma ya san wa ya yi wahala, wa ya riga shi ba da gaskiya. Duk ranar da na zo wannan shafi sai in ji kamar don shi aka yi kayen.

Inda filin godiyar ya fi nuna amfaninsa shi ne a kan mutumin da jininku bai haɗu ba. Akwai wata a zumuntarmu, ta ɗan girme ni, Yaya nake ce mata. Ni da ita mun sha bambanta kan kuɗin anko da na adashe, kuma har gobe ina ganin tsarina ya fi. Sunanta ya faɗo ranar 9. Abin roƙo bai yi wuya ba, ƙafa na damunta, ɗanta na neman aiki. Abin godiya kuwa sai da na aje bik na yi tunani. Da na natsu sai abubuwa suka taho. Ita ce ta yi ta kwana a likita da wata gwauruwa da ba ta da kowa a garin nan. Ita ke riga kowa isa gidan rasuwa da tabarmi a ka. Ita ta koya wa ɗiyata waƙoƙi a makarantar Lahadi, har yau muryarta nake ji in yarinyar tana rerawa. Na rubuta su duka, kuma kowane 9 ga wata ina karanta su da bakina gaban Allah. Maganar kuɗin tana nan, muna ja kamar yadda muka saba, amma da wuya ki ci naman wadda kika gode wa Allah dominta da asuba.

Mu Kirista akwai maganar da ke da sauƙi a bakinmu: “Muna yi muku addu'a.” A ƙofar majami'a muna faɗa, a salula muna faɗa, wajen gaisuwar mutuwa muna faɗa. A ganina wanda ya faɗi haka ya ci bashi, mai tebur da ya san aikinsa kuwa ba ya barin bashi a ka, a kaye yake sa shi. Annabi Sama'ila ya ɗauki daina yi wa jama'arsa addu'a zunubi ne ga Ubangiji, yana nan a 1 Sama'ila 12:23, kuma ita ce ayar ranar 12. Yanzu in na ce wa mutum zan yi masa addu'a, kafin in kwanta sunansa ya sami rana.

Wannan ya fi nauyi a ƙasa irin tamu inda masu bi ba su da yawa, kuma a warwatse suke. Mu na cikin Maraɗi muna ganin juna kowace Lahadi, in ba a gan ki sau biyu ba za a biyo ki gida. Amma mai bisharar da ke wani ƙauye can bayan Dakwaro, shi da matarsa da 'ya'yansa ne dukan ikilisiyar. Akwai iyalan da ke wajen Madarunfa da Gidan Rumji, inda 'yan bindiga suka hana mutane barci, suna kora shanu suna ɗaukar mutane don kuɗin fansa, yankin da kuma ya karɓi 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019. Akwai ɗaliban makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye da ke karatu suna noma. Irin waɗannan in ba a rubuta su ba, hidimar gida da ta kasuwa sai ta rufe su, har sai an ji wani abu ya faru. Wata matar mai bishara da na gaya mata ranar 22 tata ce, ba ta rasa bugo mini a ranar, ta faɗa mini abin da zan ƙara a layinta. Shafukan masu bisharar da aka ware a baya sun yi mini kaɗan ƙwarai, shi ya sa na rarraba su cikin ranakun wata.

Na kuma yi wani abin da mai kayen bai tanada ba. Ranar 31, da sau 7 kawai take zuwa a shekara, na mayar da ita ta godiya domin waɗanda suka riga mu. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka zo Tsibiri, nan kusa da mu. Littafi Mai Tsarki ya fito gaba ɗaya da Hausa a 1932, an buɗe asibitin Galmi a 1950, na Danja kuma yana kula da masu cutar kuturta tun cikin shekarun 1950, har aka ƙara masa sashen mata masu yoyon fitsari a 2012. Ni waɗannan ba labari ne na nesa ba. Mahaifina a Danja ya yi jinya yana saurayi, lokacin da dangi ke aje masa ƙwaryarsa daban, kuma a can ya ji bishara daga bakin wani ma'aikaci ɗan ƙasa da ke wanke masa gyambo kowace safiya. Ya sha ba mu labarin dattawan farko na ƙasar Gobir da ta Katsina, waɗanda aka hana su mata, aka daina cin tuwo da su, ba su juya ba. Sunayen da na riƙe daga bakinsa duk na zuba su a ranar 31, layin roƙo kuwa na sa 'ya'yansu da jikokinsu.

Abin da na fi jin rashinsa shi ne ba a ware ko shafi guda na maƙwabta da dangin da ba Kirista ba. Wanda ya san zaman garin nan ya san rabin danginmu Musulmi ne, da su muke biki da suna da jana'iza. Ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, ƙanwata da yaranta a ɗakin wata Hajiya maƙwabciyarsu suka ɓuya, mijin Hajiyar ya zauna a bakin zaure bai bar kowa ya shiga ba. Ta yaya zan yi kayen godiya a ce babu wannan gida a ciki? A 1 Timoti 2:1 da 2 an ce a yi roƙo da godiya domin dukan mutane, sannan aka ambaci sarakuna da masu mulki. Mai kayen ya ɗauki masu mulkin ya bar sauran. Ni dai na liƙa takarda a cikin bangon baya na yi nawa shafin, amma ya kamata a ce an bugo shi da shi.

Ta wajen ƙira, takardar ba ta da kauri. Bik mai ruwa yana ratsawa baya, sai dai busasshen bik ko fensir. Da 'yan ƙarafa biyu aka maƙale shi a tsakiya, da damina ta yi nisa suka yi tsatsa, shafukan tsakiya suka saki, sai da na sa allura da zare na ɗinke shi. Rubutun saman shafi ƙanana ne, wadda idonta ya fara rauni sai da tabarau. Kalandar da ke cikin bangon gaba kuma ta Najeriya ce, an ja wa 1 ga Oktoba layi, babu ranakun bikin ƙasarmu Nijar, 3 ga Agusta da 18 ga Disamba. Wannan ƙaramin abu ne, amma yana nuna ba don mu aka buga shi ba, shigo da shi aka yi.

Ɗan akwatin amsa shi ne na daɗe ina tunani a kansa. Ƙarami ne, layi biyu, kuma an yi shi kamar kowace addu'a da warkewa ko samun aiki take ƙarewa. Wasu haka suke ƙarewa, na rubuta irinsu da murna: haihuwa lafiya, yaron da ya ci jarrabawa, gidan da ruwan daminar 2024 ya rushe aka tayar da shi da taimakon 'yan'uwa. Amma akwai wani dattijon ikilisiyarmu, Baba muke ce masa dukanmu, da muka yi ta roƙon Allah ya tashe shi daga ciwon ƙoda, Ubangiji ya ɗauke shi. Me zan sa a layi biyu? Barin wurin fari bai yi mini ba, don kamar in ce Allah bai ji ba ne, ni kuwa na san ya ji. Na rubuta ranar da ya huta, na ƙara abin da na gani da idona, cewa har ƙarshe bai daina sa wa masu zuwa gaishe shi albarka ba. Sannan na sa sunan Mama, matarsa, a layin da ke ƙasa da nasa, a ranar da ta kasance tasa. Da za a sake bugawa, a faɗaɗa wurin nan, a bar wa mutum fili ya faɗi abin da Allah ya yi ko da ba shi aka roƙa ba.

Ga gargaɗi ga duk mai saye. Kaye ba ya riƙe asiri. Yara na buɗawa, baƙi na buɗawa, ana mance shi kan benci bayan sujada. In 'yar'uwa ta amince ta gaya miki abin da ke tsakaninta da mijinta, ko cutar da ba ta so a sani, kada ki rubuta shi filla-filla. Ni harafin farko nake sawa da kalma guda wadda ni kaɗai na san inda ta nufa. Allah ba ya bukatar bayani, ke ce ke bukatar tuni. Kuma kada a zo taron zumunta a karanto layi na uku na wata gaban jama'a da sunan a taya ta addu'a alhali ba ta ce a faɗa ba. Mun san yadda gulma ke shigowa ta wannan ƙofa. Layin godiya kuwa a karanta shi da ƙarfi, a gaban mai sunan ma in an so. Mun gwada haka a wani taro, kowa ta faɗi abu guda da take gode wa Allah game da ta kusa da ita, wasu tsofaffi suka yi ta share hawaye, don shekara da shekaru suna hidima ba wanda ya taɓa faɗa musu an gani.

Su tsofaffin da yawansu ba sa karatun boko, kuma su suka fi mu naci wajen addu'a. Wata Inna a unguwar Zariya da kai take riƙe nata jerin, gida-gida take bi daga bakin titi har ƙarshen lungu, ba ta tsallake kowa. Irinta kayen bai ƙara mata kome ba, kada a matsa mata ta saya. Wadda ke so amma ba ta karatu, jikarta na iya rubuta mata ta riƙa karanto mata da dare. Na ga gidan da ake haka, yarinyar ta san sunan kowane fasto na yankin nan tun ba ta gama firamare ba.

Shagon kansa ɗaki guda ne, wani matashi ke tsaron shi. Yana da Littafi Mai Tsarki na Hausa da na Faransanci, littattafan waƙoƙi, rigunan Littafi masu zip, da katin salula da aka zuba wa karatun Sabon Alkawari don masu saurare. Yana barin mutum ya buɗa ya duba ba tare da ya tsaya masa a ka ba, kuma ba ya ɓoye aibin kaya. Shi ya fara gaya mini takardar ba ta son bik mai ruwa. Ya ce ta hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa kayen ke shigowa, shi ya sa ya yanke lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, bai dawo sosai ba sai da aka buɗe a Maris ɗin 2024. In an sayi goma yana ragewa zuwa jika ɗaya da dala hamsin kowane. Da na biya sai ya ce, “Mama, ni rana ta nawa za ki sa ni?” Na ce, “Ɗana, zaɓi da kanka.” Ya zaɓi 5, ya ce in roƙa masa haƙuri da masu cin bashi, in kuma gode don mahaifiyarsa ta sami sauƙi.

Abin da zan ce ya gyara: lokacin buɗewarsa ba tabbas, wani lokaci ki tarar da ƙofa a garƙame da hantsi don ya tafi tasha karɓar kaya, kuma bai cika samun canji ba, gara ki je da kuɗinki daidai. Da hunturu ƙura na hawa littattafan da ke kusa da ƙofa, ki ce ya ɗauko miki daga cikin kwali. Kafin ki biya ki ƙirga gidajen, don wata 'yar'uwa ta sami wanda ranar 14 ta fito sau biyu babu 15, ko da yake ya canja mata ba gardama. Na ba shi saƙo ya kai wa masu bugawa: a ɗinke da zare, a ƙara girman rubutu, a sa shafin maƙwabta, a faɗaɗa akwatin amsa. Ya rubuta a gabana. Ya ce sabon kaya na zuwa kafin Kirsimeti, kuma ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada ta farko ce aka fi tabbatar samunsa a shagon.